Kumbo a Cikin Kaset: Wasannin Sararin Samaniya na Kwamfutocin Farko da Rabon Mai Hausa a Tanda

Maƙalar nan da'awa guda take ɗauke da ita, kuma gara a faɗe ta tun daga bakin ƙofa. Wasannin kasada na sararin samaniya da aka yi wa kwamfutocin gida tsakanin 1979 da 1988 da harshe aka gina su, kuma talaucin na'urar ne ya tilasta wa masu yin su haka. In wannan ya tabbata, to wuri irin Tanda, a gundumar Gaya ta jahar Dosso, inda Nijar ta haɗa iyaka da Benin da Nijeriya, ya fi kusa da gadon wannan sana'a fiye da yadda ake zato. Abin da ya shiga tsakani aikin harshe ne da masana Hausa ba su zauna sun yi ba tukuna, kuma aiki ne da ba ya bukatar wata babbar dukiya.

A fara da na'urorin kansu, don sai an san ƙuncin ɗaki ake gane dabarar wanda ya shirya kaya a cikinsa. Kwamfutar ZX81 da kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar a 1981 ta zo da ƙwaƙwalwar kilobayit 1, wato wurin ajiye haruffa dubu da 'yan kai, abin da bai cika shafi guda ba. ZX Spectrum ta biyo baya a 1982 da kilobayit 16 ko 48, babbar tana kan fam 175. A shekarar ne kuma Commodore 64 ta fito a Amurka da kilobayit 64 a kan dala 595. Talabijin ɗin gidan ake jona musu a matsayin allo, manhajar kuma tana zuwa a kaset irin na waƙa. Yaro zai sa kaset a rikoda, ya danna, ya zauna mintoci yana sauraron ƙara mai kama da kukan gyare, in kaset ya ɗan tauye ko ƙarar ta yi ƙasa sai a koma farko. Lissafin da ya fi muhimmanci ga maƙalar nan shi ne wannan: hoto guda mai cika allon Spectrum yana cin bayit 6,912. Hotuna bakwai sun cinye ƙwaƙwalwar babbar kakaf, ba a bar wa wasan ko taku ɗaya ba. Wurin da hoto guda zai ci kuwa ya ishi kalmomi sama da dubu. Duk mai son ya ba ɗan wasa duniya mai faɗi a wannan zamani, ala tilas ya koma marubuci.

Tsarin da suka bi ya samo asali daga wasan kogo da Will Crowther ya rubuta wajen 1976, Don Woods ya faɗaɗa shi a 1977. Kwamfuta za ta rubuto inda kake da abin da ke gabanka, kai kuma ka rubuta mata umarni, ta ba ka amsar abin da ya faru. Scott Adams ya matse wannan tsari ya shiga TRS-80 mai kilobayit 16, kuma a 1979 ya fitar da Strange Odyssey, labarin wanda kumbonsa ya lalace a wata ƙaramar duniya. Umarninsa kalma biyu ne kacal, aikatau da suna. A 1981 kamfanin Artic Computing ya yi Planet of Death don ZX81, a 1982 Dave Lebling na kamfanin Infocom ya rubuta Starcross, a 1983 kuma Level 9 ya fitar da Snowball, wanda aka tallata da cewa yana da wurare sama da 7,000, ko da yake mafi yawansu lungunan jirgi ne masu maimaita juna da aka bambanta da launi.

Ana iya tambayar dalilin da sararin samaniya ya yi wa waɗannan marubuta daɗin aiki haka. Sha'awar zamanin tana ciki, tun daga saukar Apollo 11 a kan wata a 1969 har zuwa finafinan ƙarshen shekarun 1970. Amma a ganina babban dalilin na tsari ne. Kumbo gida ne rufaffe, ɗakuna da ƙofofi da makullai, kuma haka ainihin manhajar take a ciki, jerin wurare ne da hanyoyin da suka haɗa su. Ba wanda zai nemi ya fita ya zaga bayan gari, don a waje babu iska. Sannan wanda ya faɗa baƙuwar duniya bai san ƙa'idarta ba, daidai da ɗan wasan da ya zauna gaban allo bai san kalmomin da na'urar za ta karɓa ba. Jahilcin jarumin labarin da jahilcin mai wasa suka zama abu guda, sai gazawar na'ura ta koma wani ɓangare na labarin. Baƙo, in ji Hausawa, ko da ido makaho ne, kuma a kan wannan makanta aka kafa sana'ar gaba ɗaya.

Planetfall, wanda Steve Meretzky ya rubuta wa Infocom a 1983, shi ne shaidar da ta fi ƙarfi. Ɗan wasa ƙaramin ma'aikaci ne mai goge daɓen jirgi. Jirgin ya tarwatse, ya tsira a ƙaramin kumbo, ya sauka a wata duniya da gine-ginenta ke tsaye amma ba kowa. A can ya kunna wani mutum-mutumi mai suna Floyd, mai halin ƙaramin yaro, mai surutu da son wasa, mai bin ka duk inda ka sa ƙafa. Ana cikin tafiya sai a iso wani ɗakin gwaji da ke ɗauke da katin da ba makawa sai an samo shi, ɗakin kuma cike da mugayen halittu. Floyd ya ce shi zai shiga. Aikin ɗan wasa shi ne ya buɗe masa ƙofa, ya rufe, ya jira ƙwanƙwasa, ya sake buɗewa. Floyd ya fito da katin, ya faɗi, ya mutu a hannunsa. Mutane da yawa da suka yi wasan sun ba da labarin cewa sun zubar da hawaye a wannan wuri, kuma har yau masu nazarin wasannin kwamfuta suna kafa misali da shi. Babu hoton Floyd ko ɗaya a kan allon. Abin da ya sa mutuwar ta yi ciwo shi ne da yatsunka ka rubuta umarnin buɗe ƙofar, alhakin yana wuyanka. Littafi ba ya iya ɗora wa mai karatu wannan nauyi, fim ma haka. Duk wannan kuma yana cikin fayil ɗin da bai kai kilobayit 128 ba, wanda hoto guda da wayar hannu ke ɗauka a yau ya ninka shi sau da yawa.

Mai suka zai kawo Elite, wanda David Braben da Ian Bell suka rubuta, Acornsoft ya fitar a 1984 don BBC Micro mai kilobayit 32, ya ce ai wannan da zane ya yi suna. Gaskiya ne yana da zanen jirage na layi-layi masu juyawa. Sai dai faɗinsa, wato gungun taurari 8 kowanne da duniyoyi 256, jimilla 2,048, ba a ajiye shi a ko'ina ba. Daga 'yan lambobi kaɗan na'urar ke haifo kowace duniya a lokacin da aka bukace ta, ta harhaɗa mata suna daga gaɓoɓi masu haruffa bibbiyu, ta ba ta irin mulkinta da arzikinta da farashin kayanta. Abin da ɗan wasa ya sani game da duniya suna ne da jimla da jerin farashi, kuma a cikin kwalin wasan har da ɗan littafin labari da Robert Holdstock ya rubuta. Zuciyar wasan fatauci ce. Ka fara da jari kaɗan a duniyar Lave, ka sayi abinci a inda ake noma, ka kai inda ake ƙira, ka komo da injuna, kana kaffa-kaffa da 'yan fashin hanya, kana auna ribar kayan da hukuma ta hana da haɗarin kamu. Wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Dendi, inda Tanda take. Ta wannan yanki ayarin fatake daga Kano da Sakkwato suke ƙetare kogin Kwara su bi ta Borgu zuwa Gwanja sayen goro, gishirin Fogha ma daga nan yake fita, yau kuma tsakanin Gaya da Malanville da Kamba duk ɗan kasuwa yana riƙe da farashi uku a kansa, na sefa da na naira da na hanya. Abin da ɗalibai biyu na Cambridge suka ƙago a matsayin almara, a bakin kogin nan sana'ar kaka da kakanni ce.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Za a ce waɗannan na'urori ba su zo nan ba, kuma sararin samaniya damuwar wanda ya ƙoshi ce. Rabin farko na maganar ba abin musu ba ne. Na'urar da ke bukatar lantarki da talabijin da kuɗin Ingila ba kayan gidan manomin Tanda ba ce a farkon shekarun 1980. A 1984 da Elite ya fito, Nijar tana cikin fari, Nijeriya kuma ta rufe iyakokinta, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Rabi na biyu ne ban yarda da shi ba. Tun kafin kwamfuta manomi yana duban Kaza da 'Ya'yanta, mai sammako yana tashi da Gamzaki, yara sun san Zara a gefen wata, malamai kuma suna lissafin damina da taurari 28. A zamanance ma, Kano ta kasance cikin tashoshin da Amurka ta kafa don bibiyar kumbunan shirin Mercury, kuma ta samanta John Glenn ya bi a Fabrairun 1962. A 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya, shekara goma cif kafin Strange Odyssey. Tsarin tafiya neman abu daga gari zuwa gari, kowane gari da tasa matsalar da sai dabara ke warwarewa, shi ne ƙashin bayan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934. Kacici-kacici kuwa shi ne kakan wasan umarni da amsa, mutum biyu suna kokawa da kalma, wanda ya gaza ya ba da gari. Kayan labarin suna nan jibge, na'urar ce ta makara.

Tarihi kuma ya nuna cewa inda na'urar ta isa a makare ko a ɓoye, wasan rubutu kan yi saurin yin harshen gida. A Cekoslobakiya ta shekarun 1980, inda ake shigo da Spectrum da ƙyar daga waje, matasa sun rubuta wasannin rubutu masu yawa da harshensu, kamar yadda Jaroslav Švelch ya tattara a littafinsa na 2018. A Yugoslabiya Voja Antonić ya tsara kwamfutar Galaksija a 1983 don mutum ya harhaɗa da hannunsa, Zoran Modli kuma yana watsa manhajoji ta rediyo a shirin Ventilator 202, masu sauraro suna naɗa a kaset. A Kuwait kamfanin Al Alamiah ya sa wa kwamfutocin MSX Larabci da sunan Sakhr. Dalilin a fili yake, zane yana bukatar ma'aikata da kuɗi, rubutu kuwa mutum ɗaya da ya san harshensa ya isa. Wayar da ta fi araha a kasuwar Gaya a yau ta fi Spectrum ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma wani nau'in ƙunci ya maye gurbin na da. Kuɗin intanet yana da tsada, caji sai an kai shago ko an jira rana, kuma a Agustan 2023 kowa ya ga yadda wutar da ke zuwa daga Kainji ta Birnin Kebbi take iya yankewa gaba ɗaya. Wasan da bai kai nauyin hoto guda ba, wanda za a tura daga waya zuwa waya ta Bluetooth a yi shi ba intanet, ya dace da wannan hali kamar don shi aka yanka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ɓangaren manhaja mai karɓar umarni ya fasa shi, wanda zan kira mafashin umarni, an gina shi ne a kan Ingilishi, inda aikataun umarni ba ya sauya kama ko me ya biyo bayansa. Hausa ba haka take ba. Ɗan wasa zai rubuta “ɗauki fitila”, amma in ya riga ya ambace ta sai ya ce “ɗauke ta”, in kuma ba karɓau sai “ɗauka”. Siffa uku ke nan ga aikatau guda na aji na biyu a rabon F. W. Parsons, kuma “ɗauke fitila” da suna a gabansa wata ma'ana ce dabam, kawar da ita daga wurin. Ƙara da “ɗauko fitila”, wanda ke nuna a taho da ita wajen mai magana. Wannan ɗafin na -o dukiya ce ga wasan da aka gina a kan ɗakuna da ƙofofi, don “fita” da “fito”, “shiga” da “shigo”, “kai” da “kawo” suna faɗa wa na'ura inda mai magana yake tsaye ba tare da ƙarin kalma ba. A wurin Floyd da ƙofar nan, bambancin “shiga” da “fito” shi ne dukan labarin. Mafashin da aka ɗinka wa Hausa zai fi na Scott Adams fahimta da kalmomi biyun nan dai, in har an koya masa ajin aikatau, maimakon a jera masa kalmomi kamar ƙamus.

Rubutun yau da kullum yana kawo tasa matsalar. Ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka “duba wata” a cikin kumbo tana iya nufin a dubi watan da ke waje ko a dubi wata daga cikin abubuwan da ke gaba. “Sama” tana iya zama sararin ko ɗakin da ke bisa. Mafi yawan masu waya ba sa buga haruffa masu ƙugiya, sai “baki” ya tsaya wa bakin ƙofa da baƙin launi da baƙin da suka sauka daga wata duniya. Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma Hausar yamma da ake ji a Dendi da Kabi da Arewa tana cewa “shina” da “ɗiya” da “tahi” inda Kano ke cewa “yana” da “'ya” da “tafi”. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari magani. Na'ura tana iya karɓar kalma da ƙugiya ko babu, ta duba abin da ke cikin ɗakin ta zaɓi ma'ana, in ta rasa ta tambaya, kamar yadda wasannin Infocom ke tambayar wace ƙofa ake nufi in sun yi biyu. Abin da nake jaddadawa shi ne waɗannan hukunce-hukunce na masanin nahawu ne da masanin karin harshe, kuma in ba su yi ba wani zai yi su da ka, ya tilasta wa yaron Tanda Hausar da ba tasa ba kafin ƙofa ta buɗe masa. Akwai ma tambayar da Ingilishi ya kuɓuta daga gare ta. Wasan yana magana da mutum na biyu, Hausa kuwa dole ta zaɓa tsakanin “ka shiga” da “kin shiga”. Masu Snowball sun ba jaruminsu sunan Kim Kimberley, wanda ya dace da namiji da mace. Mu ba mu da wannan mafita, sai dai wasan ya tambayi mai wasa tun farko, ko ya girmama shi da “kun”, kuma kowanne zaɓi yana sauya muryar labarin. Kayan aikin suna nan kyauta. Inform, wanda Graham Nelson ya fitar a 1993, an riga an juya ƙa'idojinsa zuwa Faransanci da Sifaniyanci da Jamusanci da Italiyanci, Twine na Chris Klimas kuma tun 2009 yana ba da damar rubuta labari mai rassa ba tare da mafashin umarni ba sam.

Za a ce matasa sun saba da wasan ƙwallo da na harbi masu hoto kamar gaske, ba za su koma karatu ba, balle a karkarar da da yawa ba su yi nisa a lakwal ba. Ban ce wasan rubutu zai kori waɗancan ba, kuma ba zai koya wa wanda bai san baƙi ba karatu daga farko. Amma masu karatun Hausa don nishaɗi suna nan da yawa, shaida ita ce littattafan da Kano ke fitarwa tun shekarun 1980, waɗanda yanzu suka koma yawo a WhatsApp, ana kuma karanta su a gidajen rediyo don waɗanda ba sa karatu. Wasan irin wannan yana karɓar taro, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, sauran suna gardamar abin da za a rubuta. Ga mai rarrafe a karatu kuwa yana da wata fa'ida da littafin aji ba shi da ita, don in bai fahimci jimlar ba ƙofar ba za ta buɗe ba, in ya fahimta sakamakon yana zuwa nan take. Masu cewa manhajojin hira na zamani sun sa mafashin umarni ya tsufa su ma suna da gaskiya ta wani gefe, sai dai waɗancan suna bukatar intanet a kowace jimla, kuma ba marubuci ne ke riƙe da linzamin labarinsu ba.

Suka ta ƙarshe ita ce wadda ta fi cancantar a saurare ta a Tanda. Yankin ba na Hausa kaɗai ba ne. Akwai Dendi da Zabarmanci da Fulatanci, akwai Cangawa da tarihinsu, ga Faransancin makaranta. Tun da kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, nauyi ya ƙaru a kan masu aikinta kada su mai da wannan matsayi abin danne maƙwabta. A nan ma tsofaffin wasannin suna da abin nunawa. A 1988 kamfanin ERE Informatique na Faransa ya fitar da L'Arche du Captain Blood na Philippe Ulrich da Didier Bouchon, inda ɗan wasa ke yawo tsakanin duniyoyi yana hira da halittu iri-iri ta hanyar alamomi sama da ɗari. Kowace al'umma da kalmomin da ta sani da waɗanda ba ta sani ba, da abin da ke faranta mata da abin da ke ɓata mata rai, ba kuma a samun hanya sai an koyi yadda za a yi mata magana. Wasan da za a rubuta a bakin Kwara yana iya ɗaukar wannan a zahiri. Labarin ya zo da Hausa, matuƙin kumbon da zai ƙetare da kai ya gaishe ka da Dendi, mai tsaron wata tasha ya ƙi buɗewa sai an amsa masa da Fulatanci, ɗan wasan da ya rasa kalmar ya juya ya tambayi wanda ke zaune kusa da shi a kan benci. Jerin aikatau ɗari biyu da siffofinsu, da kalmomin yamma a gefen na Kano, da gaisuwar harsuna uku, aiki ne da malamin Hausa ɗaya da ɗalibin kwamfuta ɗaya za su iya gamawa a zangon karatu guda.